Gonar Mas'uda Mai Lotsawa

A Ɗan Kassari in ka ce Mas'uda sai an tambaye ka wacce, amma in ka ce Mai Cike Rami kowa zai nuna maka gonar da ke gindin tudu. Aure ne ya kawo ta daga Kore Mairuwa zuwa gidan Iro, mahaƙin farar ƙasa, irin wadda mata ke shafe ɗaki da ita. Bakin ramin yana gefen gonar gidansu, amma hanyoyinsa sun ratsa ƙarƙashinta kamar gidan gara.

Mahaƙa suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: duk inda aka ɗan yi nisa, a bar ginshiƙin ƙasa ya tallafe rufin, kuma ba a taɓa shi ko ya fi madara fari. Shekarar da gero bai yi ba, Iro ya fara sassaƙar ginshiƙan, don sun fi kusa kuma sun fi daraja a kasuwar Dogon Dutsi. Wata rana da hantsi rufin ya zauna masa. Aka yi ta tono har hannuwa suka fashe, ba a kai gare shi ba. Liman ya yi masa salla a bakin ramin, aka toshe da duwatsu, nan ya zama kabarinsa.

Da damina ta zagayo, tsakiyar gonar ta lotsa, wuri kamar faɗin tabarma. Mas'uda ta ari amalanke da jakin maƙwabcinsu, ta ɗebo yashi da tsakuwa ta cike. Baɗi ya sake lotsawa, ta sake cikewa. Haka ta yi ta yi har 'yarta Fadila ta zama budurwa. Matan gari sukan taya ta da tasa-tasa, suna cewa, "Allah sarki, mijinta take lulluɓewa." Har misali ake bugawa da ita wajen yi wa amare faɗa.

Ba ta taɓa gyara musu zance ba. Iro mutum ne mai nauyin baki da saurin hannu, kuma ranar da ya rasu kukan da ta yi rabinsa na tsoro ne. Gonar take tarewa. In gonar ta tafi, sai dai ta kwashi 'yarta ta koma gidan yayyenta a Kore Mairuwa, ta ci tuwon da matansu suka ga damar zuba mata. Wannan ta fi tsoro a duniya.

Iro bai bar ɗa namiji ba, don haka ƙanensa Mu'awiya, mai kabu-kabu a Dogon Dutsi, yana da kaso a gonar. Ruwan shuka bai daɗe da sauka ba sai ga shi a kan babur, ya tarar da ita tana duban sabuwar lotsawar.

"Matata, kin tsuhwa bisa ramin ga," in ji shi.

"Ji mijin banza, ko goro bai kawowa. Mi ya kawo ka?"

"Alheri. Wani ɗan kasuwa, Muhammad Awwal, na son hilin, mangazar ajiyar wake za ya ginawa. Ki amshi naki da na Fadila, ki huta da jakin aro."

"To yayanka hwa? Bisa kai nai za a jibge buhuna?"

"Yaya na wurin Allah, ba ya nan ƙarƙashin gero. Ke dai cike wurin ga kahin mu zo, kada shi gani."

Daga yadda ya kauda ido ta gane ya riga ya yi wa mai sayen alkawari. Ta ce to.

Ba ta cike ba. Karo na farko ta bar ramin ya buɗe baki. Sannan a bakin rijiya, tana jan guga, ta ce wa mata kamar abin ya suɓuce mata ne, ai ta ga wata doguwar mace fara sol tana zaune a wurin da tsakar rana. Kafin la'asar gari ya ɗauka doguwa ta tare a gonar Iro.

Muhammad Awwal ya zo ranar kasuwa, saurayi mai gemu da ɗangalallen wando. Da aka yi masa zancen doguwa sai ya girgiza kai. "Inna, ki bar hwaɗin haka, shirka ce." Amma ya taka har bakin ramin, ya jefa dutse, ya kasa kunne. Dutsen ya jima kafin ya amsa. Ya kakkaɓe hannu ya dubi Mu'awiya. "Ba ni zuba siminti cikin bakin ga. Ka yi haƙuri."

Da ya tafi Mu'awiya ya juyo gare ta. "Kin ci, Mas'uda," ya ce. Tun da ta shigo gidansu bai taɓa kiran sunanta haka gatsau ba.

Washegari da sassafe ta je aron amalanke, zuciyarta fes. Maƙwabcin ya sosa ƙeya ya ce jakinsa ɗaya ne, ba zai kai shi inda doguwa take ba. Matan da suka saba taya ta, wannan ta ce ciwon baya, waccan ta ce maigida ya hana. Ta buɗe baki za ta ce ƙarya ta yi, sai ta tuna Mu'awiya zai ji, ta haɗiye. Ita da Fadila suka dinga jidar yashi a ka, ramin yana haɗiyewa kamar ba a zuba ba.

Sai malka ta kama. Ruwan tudu gaba ɗaya ya sami hanya, ya wuni yana kwarara cikin ramin da wani irin gurnani. Da ya ɗauke suka je, tsakiyar gonar babu ita. Geron yana can ƙasa a tsaye, zangarniyarsa daidai ƙafar mutum, tsaguwa kuma ta miƙe har iyakar maƙwabta. Fadila ta fashe da kuka. Mas'uda ta riƙe mata hannu gam, don ƙasar da suke kai ma tana motsi.

Da kaka abin da ta yanka a gefe-gefe bai rufe gindin rumbu ba. Mutane suka ce baiwar Allah ta kasa jure ganin kabarin mijinta a buɗe, shi ya sa za ta bar gari. Mu'awiya ne ya zo ya ɗaure musu kaya a bayan babur zuwa tasha. Bai ce mata matata ba, ita ma ba ta tambaye shi goro ba. Da motar Kore Mairuwa ta cika, ta zauna a kujerar baya da tabarmarta a cinya, ta ce wa Fadila in sun isa ta durƙusa ta gai da matan kawunnanta da kyau.