Ruwan da Na Ba Kariyar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, shekara talatin ya yi yana aikin lambu a wani asibiti, kuma ban taɓa ganin mai lambun da ke rowar ruwa kamarsa ba. Abokan aikinsa har suna suka sa masa, wai Ɗigo-ɗigo. Sauran masu lambu su ja tiyo su yi ta feshi, shi kuwa sai ya durƙusa ya tsoma yatsa cikin ƙasa. In ya ji sanyi-sanyi, ya miƙe ya yi gaba abinsa.

Da ya bar aiki sai ya mayar da tsakar gidansa lambu. Ba ciyawa, ba furen gayu. Tsakuwa ya shimfiɗa, ya jera shuke-shuke irin su zabuwa da moda da wasu masu ƙaya da ban san sunansu ba. A tsakiya akwai kariya, itacen nan mai ƙaton gindi kamar tulu da jan fure. Matarsa ce ta dasa ta shekarar da ta rasu. Kullum da safe sai ya shafa gindin kariyar kafin ya gaisa da kowa.

Bara aka kai shi wani gari aikin ido, sati shida. Ni ya ba makulli.

"Ki share, ki kori awaki," in ji shi. "Ruwa kuwa, kada ki kusanci shuke-shuken da shi."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi, kai tsohon nan da baƙar rowa! Ana wannan zafi, mutum ma da ƙyar yake numfashi, a bar abu mai rai da ƙishi? Ni dai ban iya wannan mugunta ba. Safe bokiti biyu, yamma bokiti biyu, kariya kuma nakan yi mata ƙari saboda ta marigayiya ce. Har alfahari nake yi, ina cewa zai dawo ya ga yadda ake kula da shuka.

A sati na huɗu ganyen kariyar ya fara rawaya yana zuba. Maimakon in tsaya, wallahi ƙara ruwan na yi. Wautata ke nan, ba wanda ya sa ni.

Ranar da ya dawo, idonsa ɗaure da bandeji, ni ce na riƙe masa hannu. Bai nemi ɗaki ba, sai ya ce in kai shi wurin kariyar. Ya shafa gindin, ya ɗan danna, babban yatsansa ya nutse kamar a ruɓaɓɓen gwanda.

Ya zare yatsan. Can ya ce, "An yi ruwan sama ne bayana?"

"An yi, Kawu," na ce. Bakina ne ya riga ni.

Sai ya lallaba ya kai hannu gindin katanga, inda bokitina bai taɓa zuwa ba. Ya ɗebo ƙasa, busasshiya ƙurmus, ya murza ta a tafinsa. Na so ƙasar ta tsage in shige.

"To," ya ce. "Allah ya sa na albarka ne. Miƙo min wuƙa."

Ya bi rassan da hannu ɗaya bayan ɗaya har ya sami guda mai sauran tauri. Ya yanke, ya ajiye shi a inuwa kwana biyar bakin ya bushe, sannan ya dasa a gwangwani cike da yashi. Ni ya miƙa wa.

"Ki riƙe wannan, 'yata. Wurinki ya fi nan rufi, ruwan sama ba zai same shi ba."

Yana kan tagar ɗakina yanzu, ya fitar da ganye uku. Har yau ban faɗa masa gaskiya ba, shi ma bai sake tambaya ba. Kowace safiya nakan tsoma yatsa cikin yashin, in mayar da kofin ruwa inda na ɗauko shi.