Na Ce wa Lokotoro da Sauƙi

A shekarun da gujiya ke sarauta a ƙasar Tasawa, bayan Nasara sun sauka daga mulki, ni yarinyar mace ce mai goyon fari a wani ƙauye gefen Korgom. Innata kuwa ita ce ƙarfin gidanmu. Ta yi noma, ta yi ɓanɓarar gujiya, ta ja guga a rijiya mai gaba talatin, ta ɗauki buhu a ka har wurin awo. Ana nan, ana nan, ƙugunta na dama ya fara ciwo. Tun tana ɗingishi har ta koma dafa bango. Wanzami ya yi ƙaho, ya yi tsaga, a banza.

Muka ɗora ta bisa jaki zuwa asibitin Tasawa. Lokotoro, wato likita, ya tambayi yadda take jin jiki. Inna ta sunkuyar da kai, don a wurinta babbar mace ba ta faɗin ciwon ƙugu gaban namiji baƙo. Ni da aka kai don in yi magana, sai bakina ya ce da sauƙi, kamar yadda aka koya mana amsa gaisuwar marar lafiya. Bai ko taɓa ta ba. Ya ƙunsa ƙwaya fara a takarda, ya kira wanda ke bayanmu.

Ba a yi kaka biyu ba, mai awon gujiya na kamfani, wanda ke zaune bisa kujera yana duban kilo, ya kamu da irin ciwon. Aka rubuta masa takarda, aka sa shi jirgi zuwa Faransa, ya komo da ƙarfe cikin ƙugu yana takawa. Na gan shi da idona, yana ba mutane labari yana dariya. Wace gujiya ta biya jirgin nan in ba wadda Inna ta ɗauko a ka ba? Ita ko da rarrafe ta ƙare, tana jan jiki zuwa bayan gida, tana hana mu kallo.

Wataƙila ko na yi kururuwa ba za su rubuta mata takarda ba. Amma da sun ƙi ta da bakinsu, ba ni na sauƙaƙe musu ba, kuma wannan ne ke cina har yau. Ƴaƴana, in kun kai tsohuwarku asibiti, ku aje kunya a bakin ƙofa. Ku nuna wurin, ku faɗi dararen da ba ta yi barci ba, kada ku tashi sai an taɓa ta.