Kekunan Ɗinki Shida da Mai Sayen da Bai Yi Tayi Ba

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da wata Alhamis cikin damina ba, ranar da na shafe awa uku cur ina rubuta lambobin kekunan ɗinki guda shida. Aikin da a ƙa'ida ba ya wuce minti goma. Ku da kuke riƙe da sito yanzu kuna jin tsofaffin ma'aikata suna ce mini Malam Hashimu sarkin jan ƙafa, to ga inda sunan ya samo asali.

Lokacin ni ne mai kula da sito a wannan cibiya tamu ta koyar da sana'a da ke Titin Bauchi, saura mini shekara ɗaya in ajiye aiki. Ga wanda bai san tsarin ba, in kaya suka tsufa kwamiti ne yake dubawa ya ce a sayar. Mai saye ya biya a asusun cibiya, Bursa ta ga kuɗi ta yanka rasit, Darakta ya sa hannu a takardar fitar da kaya, sannan mai sito ya sa nasa a ƙasa. Maigadi ba ya duba hannun kowa sai na ƙasan nan. In kaya suka fita kuɗi bai shiga ba, daga kuɗin sallamar mai sito ake cirewa, kuma ni a kan kuɗin nan na ɗora burin rufe ginina na Anguwan Rogo.

A da, in za mu sayar da tsofaffin kekuna, teloli muke aika wa su zo su taya. Amma a shekarar mun sami sabon Darakta, matashi mai digiri biyu da waya uku, wanda ba ya gama jimla bai ce "duniya ta ci gaba" ba. Ya ce kiran teloli ƙauyanci ne. Ya sa na goge kekunan da mai har suna ƙyalli, ya ɗauke su hoto ta gaba da ta baya kamar amare, ya ɗora a shafin tallan kaya na intanet, ya sa lambar wayarsa.

Wanda ya fara zuwa Alhaji Lamidi ne, wani tsohon tela Bayarabe daga Gangare, wanda iyayensa suka zo Jos tun zamanin kuza. Jikarsa ce ta nuna masa tallan. Ya zauna a kan keke, ya zura zare, ya taka, ya kasa kunne, sannan ya taɓe baki.

"Wannan ai ta gama aiki. Kwarkwaronta ya cinye, bel ɗin ma na roba ne. Sai dai in saya don Allah."

Ya yi tayin da bai kai rabin kuɗin ba. Ni kuwa raina fari ƙal, don na san wanda ya zauna ya kushe kaya har yana gumi, sayensu ya zo yi. Saura kawai a ce albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, a haɗu a tsakiya. Darakta kuwa ya ɗauka zaginsa aka yi. Ya ce wa tsohon nan ba kasuwar gwanjo ba ce, ya nuna masa ƙofa.

Washegari da safe ya kira ni ofis tare da Madam Bisi, Bursarmu, yana ta murmushi shi kaɗai. Ya ce mu zauna mu ga yadda ake ciniki a ƙarni na ashirin da ɗaya. Ya karanta mana saƙonnin wani mutum, da Turanci mai maiƙo. Na farko yana tambaya ko "kayan" suna nan. Bai ce keke ba, bai ce injin niƙa ba, kaya kawai. Na biyu ya ce ya yarda da farashin, duka shidan yake so, don zai raba wa marayu. Na uku ya ce shi babban ma'aikaci ne a wajen haƙar mai, can cikin teku, ba zai samu zuwa ba, amma daga yadda Darakta yake rubutu ya gane mutum ne mai amana da wayewa.

Wannan kalma ta wayewa ita ta gama da Darakta. Sau biyu ya maimaita mana ita.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bai tambayi ko suna ɗinki ba?"

"Ya ga hoto."

"Bai nemi ragi ba? Ko na naira ɗari?"

"Malam Hashimu, manyan mutane ba sa tsayawa ciniki."

Amma ni tun da uwata ta haife ni ban ga ɗan ƙasar nan da zai sayi tsohon keke bai taka shi ba. Mai kuɗi ma ya fi talaka iya tayi, da haka ya tara.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga alat, wato saƙon banki, a wayar Darakta, wai kuɗi sun shiga asusun cibiya, har da rarar dubu tamanin. Minti biyu ba a yi ba mutumin teku ya bugo waya yana salati, wai sakatarensa ne ya yi kuskure, don Allah a mayar masa da rarar a wani asusu daban, kuma motar ɗaukar kaya tana hanya. Madam Bisi ta karɓi wayar ta duba. Sunan banki ne a saman saƙon, amma lambar da ta turo shi lambar waya ce irin tawa da taku.

Ta ce, "Oga, shekara tara alat na asusun nan wayata yake zuwa. Ni ban ga komai ba. Ba rasit, ba mayar da rara, sai na je banki."

Darakta ya ce matsalar sabis ce, kuma ba zai kunyata kansa a gaban mutumin kirki ba saboda tsohon tunani. Ya jawo takardar fitar da kaya, ya rubuta "an biya" da hannunsa, ya sa hannu, ya miƙo mini.

A bakin ƙofa Madam ta riƙo hannun rigata. "Baba Hashimu, zan hau keke napep in je banki. Ka san layin can. Kada komai ya fita sai na dawo."

Na ce mata ai Darakta ne ya ba da umarni. Ta ce, "Hannun wa ke ƙasa?"

To a nan ne matsalar take. Mu da muka tashi a aikin ofis, ba a koya mana ce wa oga a'a ba. Amma an koya mana abin da ya fi a'a ƙarfi, wato bin ƙa'ida daki-daki. Mota ta iso, wata tsohuwar a-kori-kura, direban sunansa Dung. Na tarbe shi da fara'a, na ba shi kujera, na ce ƙa'ida ce sai an rubuta lambar jikin kowane keke a rajista. Sai na nemi tabarauna na rasa. Yana cikin aljihuna, amma sai da muka ɗaga kowane kwali a siton nan. Da ya fito, sai lambobin suka ƙi karantuwa saboda tsatsa, dole a samo kananzir. Da aka samo, na goge na farko, na rubuta, na karanta wa Dung ya maimaita, na ce kamar bakwai ɗin nan ɗaya ce, a sake gogewa.

Dung ya ce, "Baba, wannan aiki naka zai gama yau kuwa?"

Na ce da yardar Allah. Na tambaye shi ko ya san mai kayan.

"Ni ban taɓa gan shi ba. Waya ne ya kira ni. Ya ce in kai tasha, wani zai karɓa, a can za a biya ni."

Na koma kan keke na biyu, na ƙirga ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na uku aka kira azahar. Wallahi ban taɓa yin alwala mai kyau irin ta ranar ba, kuma nafilar da na yi ko a watan azumi ban yi irinta ba, Allah ya yafe mini. Na fito ke nan ruwan Jos ya tsuge har da ƙanƙara, na ce kayan cibiya ba za su jiƙe a hannuna ba.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Darakta da kansa a sito, waya a kunne, yana ba mutumin teku haƙuri. Ya kashe ya juyo kaina.

"Malam Hashimu, ni kake raina wa hankali?"

"Wane ni, ranka ya daɗe. Saura keke biyu."

Ya zaro bironsa ya danƙa mini a hannu, ya ɗora takardar a kan keke. Ya ce in sa hannu yanzu, ko in ba shi makullan sito in tafi gida. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji sosai. In na sa, kuɗin sallamata sun tafi tasha. In na ƙi, aikin ne zai tafi, ga shekara ɗaya kacal ta rage. Dabarata kuma ta ƙare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ka tabbata kuɗin sun shiga, abin mai sauƙi ne. Ga gurbina. Ka rubuta cewa kai ka fitar da kayan ba rasit, ka sa hannunka a nan. Ni da kaina zan taya Dung lodi."

Na mayar masa da biron. Ya karɓa, ya dubi takardar, ya dubi gurbin nan na ƙasa. Mutumin da tun safe yake rantsuwa da amanar ɗan teku, sai ga shi biro ya yi masa nauyi. Ashe tabbacin nasa a kan wuyana kaɗai yake aiki.

Muna tsaye a haka Madam Bisi ta shigo, jiƙe sharkaf, ta zaro takardar banki daga cikin leda ta shimfiɗa a gabansa. Ko sisi bai shiga ba. Darakta ya kira mutumin teku, waya ta yi ƙara ɗaya aka katse. Ya sake kira, a kashe. Ya gwada da wayarsa ta biyu, ya gwada da ta uku.

Can ya ce, da wata 'yar siririyar murya da ban san yana da ita ba, "To dubu tamanin ɗin fa?"

Madam ta ce, "Wane dubu tamanin? Ai ban tura ba."

"Ni na tura masa. Daga asusuna."

Na sunkuya ina goge keke na biyar da dukkan ƙarfina, don in na ɗago dariya za ta ƙwace mini. Dung kuwa ya ce shi dai a biya shi kuɗin mansa da na zaman awa uku. Darakta ya laluba aljihu ya biya.

Ranar Litinin aka tara ma'aikata. Darakta ya yi mana lacca ta minti arba'in a kan 'yan damfarar intanet: a kula da mai sayen da ba ya son ganin kaya, da mai gaggawa, da mai biyan fiye da kuɗi, da alat daga lambar banza. Ya ce Allah ya sa shi mutum ne mai lura, da cibiya ta tafka asara. Muka tafa masa. Ina komawa sito na tarar da ambulan a kan tebur: takardar tuhuma, in bayyana cikin awa ashirin da huɗu dalilin da na yi jinkirin bin umarni.

Abin da na koya a ranar, ɗan damfara ba jahili yake nema ba. Mai son a yabe shi yake nema, wanda na ƙasa da shi suke tsoron gaya masa gaskiya. Kuma a aikin nan namu, in ka ceci oga daga kunya a gaban idonka, kada ka zauna jiran godiya, laifinka shi ne ka gani.

Na amsa tuhumar a layi biyu. Na rubuta: "Ranka ya daɗe, na amsa laifina, na yi jinkiri. Kekuna shida suna sito, ana iya zuwa a ƙirga." Har na ajiye aiki na karɓi kuɗin sallamata cif, ba wanda ya zo ƙirgawa.