Planto da Allon Rabawa

A inuwar itacen bedi, bakin wani ofishi a Tawa, planto, ɗan aiken ofishin, yana zaune da allo a cinya. Kakinsa ya koɗe, furfura ta fara cin gemunsa. Ba aya ce a allon ba, lissafin rabawa ne, yana rangaji yana bitarsa kamar mai hadda.

Tun da Nasara suka tafi, tebura sun koma hannun masu satifika. Da alama ya daɗe yana bin jarrabawar satifikar nan, kuma shekarunsa sun ce ta bana ce ta ƙarshe. Wataƙila tun yana ƙarami wani malamin lakwal, makarantar boko, ya ce masa kansa dutse ne.

Wani matashin akawu ya tsaya a kansa. "Baba Arzika, wanke ka sha mana, ko ya zauna."

"Na sha, ɗana, bai zauna ba. Sai da maimaici. Bara lissafin sau-bakwai ne ya kayar da ni, bana ga ni ga rabawa."

Akawun ya yi dariya ya shige.

Arzika yana sauko da lamba, yana gogewa, yana sakewa. A karo na biyar lissafin ya fita, babu saura. Ya ɗaga allon ya nuna, amma ba kowa a farfajiyar. Sai ya matso da shi dab da hancinsa, yana ƙanƙance ido, yana laluben amsar da ya rubuta da hannunsa. Kan nasa ya buɗe, idon kuma ya fara rufewa.

Daga ciki aka kira: "Planto!"

Ya jingine allon, ya miƙe da sauri.