Ƙofar Baya ta Gidan Gwaggo

Mun tashi daga Kano da asuba, ni da mai ɗakina, da niyyar Umara, amma rabin hankalina yana kan gwaggona. A Makka aka haife ta, can ta yi aure, can mijinta ya rasu ya bar mata gida a kan dutse. Gwiwoyinta sun gaji da hawa, tana so ta sayar ta sauko ƙasa kusa da 'yarta.

Daga Jidda hanya sumul, direba na sharara gudu kamar an biyo shi. Ana gama min aski bayan Umara na ce a kai ni wurinta. Mota ba ta shiga unguwar, matakala ce har sama. Ni mai cika baki da ƙarfi, sau uku na tsaya wai ina kallon gari.

Ta tarbe mu da shinkafa bukari da shayi mai na'ana'a, ita ko loma ba ta kai ba. "Mai sayen gidan ya fasa, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Wai saboda madarasa. Khalas, shi ke nan."

Ashe a can adireshin gida ne ke zaɓa wa yara makarantar gwamnati. Bana aka sake shata iyaka: layin gaban gidan ya zauna a makarantar 'yan mata ta gindin dutse, lungun baya kuwa aka tura shi wata can ƙetaren babban titi. Gidan gwaggo ƙofa biyu gare shi. Da aka zo rajistar adireshi, marigayi ƙofar baya ya bayar, don ta nan mata ke karɓar saƙo, shi kuma ba ya son a buga masa zaure yana barcin rana. Mai sayen 'ya'ya mata uku gare shi. Maƙwabcin gwaggo ya sayar da nasa da daraja, ita kuwa abin da dillali ke tayawa yanzu ko ɗaki biyu ba zai saya a ƙasa ba.

Raina ya ɓaci, na ce mai sayen nan ɗan rainin hankali ne. Washegari na taka zuwa sabuwar makarantar da kaina. Ga rana, ga gadar sama, ga motoci. Na dawo jiƙe da gumi, ban ƙara zaginsa ba.

Kwana uku na yi ina zarya ofis-ofis a mayar da adireshin ƙofar gaba. Aka karɓi takardu, aka ce mu jira. Ko a Harami na zauna, tunanin bai bar ni ba.

Mun dawo Kano lafiya. Na koyi cewa ba bulo kaɗai ake saye a gida ba, har da hanyar da yara za su bi da safe. Jiya na kira gwaggo in ji ko an amsa. Ta ce, "Dakata in ƙarasa hawa." Na riƙe wayar ina jin hakinta.