Mai Wanke Ƙoƙon Jibi

Gwaggona ba ta taɓa yin wa'azi ba, amma tun kafin a haife ni ita ke wanke ƙoƙon Jibin Ubangiji a cocinmu na Angilikan. Ƙoƙo ɗaya ne na azurfa, kowa da shi yake shan ruwan inabin Jibin, liman ya goge bakinsa da ƙyalle ya miƙa wa na gaba. In an tashi sai ta shige ɗan ɗakin da ke bayan bagadi ta ɗauraye shi. Ruwan ɗaurayar ma ba ta yarda ya bi kwata ba, sai ta kai shi gindin bishiya. Ka taɓa ƙoƙon nan da hannu mai maiƙo, ranar ka shiga uku.

'Ya'yanta biyu, Babba da Auta, a gefenta suka saba durƙusawa tun suna ƙanana. Sai rigima ta taso daga sama. Bishop-bishop na duniya suka saɓa kan fassarar Littafi Mai Tsarki, da wa za a ɗaura wa aure, da wa ke da ikon faɗa a ji. Mu da ko fasfo ba mu da shi, a kanmu abin ya fashe. Auta ya bi waɗanda suka fice suka kama hayar wani tsohon sito suka mai da shi coci a ƙarƙashin wani bishop na ƙetare. Babba ya tsaya, har da shiga kwamitin coci, shi da dā sai an ja shi coci kamar akuya.

Burin Gwaggo ɗaya ne, ta sake ganinsu sun sha daga ƙoƙo ɗaya.

"Auta, kurɓi ɗaya fa, kusa da yayanka," in ji ta.

"Inna, in na sha da su, na yarda da koyarwarsu ke nan."

"Ƙoƙon nasu ne? Ni nake wanke shi!"

Babba kuwa cewa ya yi, "Ƙyale shi, Inna. Ya tuba tukuna." Har yau haushinsu nake ji, su biyun.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta roƙi liman ya kawo mata Jibi gida, da ainihin ƙoƙon. Ta aike ni na kira su. Duk suka zo, har na fara murna. Liman na buɗe jakarsa, Auta ya sumbaci goshinta ya sulale waje.

Ta sha, Babba ya sha, ni ma na sha. Ka'ida ce liman ya shanye abin da ya rage, ba a ajiyewa, ba a zubarwa. Ya ɗaga ƙoƙon ke nan ta riƙe masa hannu.

"Dakata, ranka ya daɗe. Na Auta ne."

Liman ya dakata, idon kowa a ƙofa. Can muka ji an tayar da mota a waje, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Gwaggo ta saki hannunsa, ya shanye.

Ta juyo wurina ta ce, "Kawo ruwa in wanke."