Tuwon da na yi ta ci da ƙwaƙwalwa

Shekarun baya ne, lokacin da jam'iyyu suka ɓarke a ƙasar nan kamar shinge bayan ruwan fari. Kowa na murnar ya samu bakin magana, ni kuwa hannuna na dama ne ya tafi yajin aiki. Zemijan nake ja, wato haya da babur. Wata motar kamfe ta kwashe ni a mararrabar Godomey. Na yi sama har na hango jiragen ruwa a teku, na sauko a kan hannu. Aka naɗe shi da filasta daga yatsu har gwiwar hannu.

Ciwon bai dame ni kamar cin abinci ba. A ƙofar gidanmu a Zongo, maza tire ɗaya suke zagayewa. Ranar farko na manta, na miƙa hagu. Wani dattijo mai fataucin shanu, baƙon mahaifina, ya janye hannunsa, ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi. Daga ranar na koma ci a ɗaki da cokali, ni kaɗai kamar ɓarawo, ina jiyo dariyarsu ta taga.

A asibiti akwai matar da ke motsa wa mutane gaɓoɓi, kine muke ce mata. Ta ce hannu in ya daɗe a ɗaure, ƙwaƙwalwa kan yi sakaci da shi. Amma sashen da ke ba hannu umarni yana tashi aiki ko da tunanin motsin kawai mutum ya yi.

"Ka zauna ka rufe ido," in ji ta. "Ba kallon kanka za ka yi ba, ji za ka yi kana yi, a hankali, yadda ka saba. Wane aiki hannun nan ya fi sani?"

Abokina da ya raka ni ya riga ni: "Madam, loma. Ko totur bai kai ta ba."

Ta ce to, loma ɗin.

Haka na shiga cin tuwon da babu. In gutsura, in mulmula, in yi masa rami da babban yatsa, in dangwalo miya, in kai baki. Wallahi na cinye rumbun masara guda a cikin kaina, cikina na kuka. Kuma ga gajiya. Sai in buɗe ido zufa na bin wuyana kamar na yi dako a tashar jirgin ruwa. Wata rana ma hannun tunanin ne ke ƙi, tuwon ya suɓuce tun a cikin kai, in kwanta in rasa abin da ke mini daɗi.

Mahaifiyata ta leƙo ta same ni ido rufe, ina haɗiyar yawu.

"Kai, ɗan nan, da wa kake ci?"

"Inna, likita ce ta sa ni."

"Likitar da ke ciyar da mutum iska, ita ma a kai ta a duba ta."

Ta cika ɗakin da hayaƙin turaren aljanu, har sauro suka yi ƙaura zuwa unguwar Agontinkon.

Da aka cire filastar, hannun ya fito kamar busasshen kifin masuntan Placodji. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko da yake na iya ta: tunani bai warkar da ni ba. Na sha watanni ana lanƙwasa ni ina ihu. Amma yatsun ba su ɓace wa hanyar baki ba.

Ranar da na koma bakin tire, miyar kuɓewa aka yi. Na gutsura, na ɗaga, lomar ta sulale ta sauka a rigata. Na fara yunƙurin tashi. Mahaifina bai ko dube ni ba, ya turo tiren gabana.

"Zauna. Da dama ka zubar. Ƙara."

Har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa sosai, kuma in damina ta kama sai su yi ta tsami. Babur kuwa tuni na haƙura da shi. Abin da ya rage mini shi ne, in na ga mara lafiya zaune ido rufe, ba na cewa zaman banza yake. Nakan rage murya in wuce a hankali. Wataƙila aiki yake, kuma na san yadda aikin nan ke gajiyarwa.